Waɗanda Raihanatu Ta Zubar

Raihanatu ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, na girme ta da shekara shida. Sunana Muntari, direban babbar mota ne ni, ina zaune a Jega, ina ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Ita kuwa malamar kimiyyar sinadarai ce a wata makarantar 'yan mata a Maiyama, shekara goma sha biyar ke nan tana shaƙar ƙurar alli. In ka gan ta a bayan babur ɗin mijinta da jakar takardun yara a cinya, ba za ka ce akwai wani labari a kanta ba. Akwai shi, kuma da hannuna a ciki, shi ya sa har yau yake ci mini rai.

A Aliero aka haife mu. Babanmu Malam Isiyaku manomin albasa ne, haka ma ubansa. In an cire albasa da rani ba duka ake kai wa kasuwa ba, ana ajiye wata a rudu, wato rumbun kara da aka ɗaga daga ƙasa a kan itace don iska ta riƙa ratsawa. Kafin ta shiga rudu sai an zauna an tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Wadda fartanya ta yanka, wadda wuyanta bai bushe ba, wadda ta yi laushi a gindi, duk waje. Guda ɗaya in ta kuɓuce maka ta shiga, bayan wata biyu wari ne zai gaya maka, lokacin ta riga ta cinye na kusa da ita.

Baba yana da doka ɗaya a wajen tsinta, kuma da ita muka tashi kamar karatun allo.

"In kinka yi shakka, hidda ta. Ba a shawara da albasa."

Ni ban taɓa iyawa ba. Sai in riƙe albasa ina juya ta, ina jin ai wannan za ta yi. Baba ya ce ina da tausayin albasa, in je in nemi wata sana'a, na kuwa nema. Raihanatu tun tana shekara tara ta fi kowa a gidan. Babban yatsa kawai take ɗora wa wuyan albasa, ko kallo ba ta yi, ta jefa dama ko hagu. Maƙwabta har aron ta suke zuwa yi. Baba kuwa ba ya gajiya da faɗa a majalisa cewa rudun da ɗiyarsa ta tsince ba ya wari. Ni da aka haifa namiji, kuma na fari, ban taɓa jin ya yi alfahari da ni haka ba, kuma ba zan ce abin bai taɓa sosa mini rai ba.

Kanta ma yana ja kamar hannunta. Ta gama sakandare, ta yi digiri, ta sami koyarwa a Maiyama, ta auri Auwal mai gyaran injin ban-ruwa, mutumin kirki wanda maganarsa ba ta wuce biyar a yini. Suka haifi yara uku. A tsakanin goyo da duba takardun jarrabawa ta lallaɓa ta yi digiri na biyu, wanda ya ɗauke ta shekara biyar maimakon biyu. Kowa ya ɗauka nan za ta tsaya, ni ma haka na ɗauka.

Takin zamani ne ya hana ta zama. Kowace shekara Baba yana kukan taki, ko a rasa shi, ko ya zo bayan an gama dashe, ko ya zo da tsadar da sai mutum ya rage gona. Wata rana tana jin sa sai ta ce ai da iska ake yin takin nan, iskar da muke shaƙa. Na yi dariya har da ƙwalla, na ce to ta ɗebo mana buhu biyu daga tsakar gida. Ba ta ji haushi ba, ta ce in na sami lokaci za ta nuna mini.

A shekarar korona, da aka rufe makarantu, ta kama bin wasu darussa na kyauta ta waya. Sabis ɗin unguwarsu a Maiyama ba ya ɗaukar komai, don haka kowace Asabar Auwal yakan kawo ta gidana a Jega da safe. Takan shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron da ke tsakar gida, ta buɗe tsohuwar kwamfutarta, ta yini. A nan ta cika alkawari ta yi mini bayani, kuma da yake ta san ɗalibin nata, da yaren tasha ta yi.

Ta ce mafi yawan iskar nan naitirojin ce, kuma ƙwayoyinta biyu-biyu suke tafiya, a ƙulle tamau. Kafin a yi taki sai an raba su. Su kaɗai ba sa rabuwa, sai an kawo dillali, kuma dillalin ƙarfe ne. Suna sauka a kan fuskar ƙarfen, ya sassauta ƙullin, su rabu, su haɗu da wata iska, shi kuwa ƙarfen ya tashi yadda yake. Amma ko da dillalin, sai an yi wuta mai tsanani da matsi mai yawa, abin da ke sa takin tsada ke nan.

"Awa hawan tudu da kaya ne, Yaya," ta ce. "Kana ƙasa wanga gehe, kana son ka sauka wancan. Mi kaka son sani kahin ka taso?"

Na ce tsawon tudun, don in san giyar da zan sa da man da zan ƙona.

"To shi ɗai mu ma muka nema. Ƙarhen da ya rage tsawon tudun, shi ya rage tsadar taki."

Matsalar, in ji ta, ita ce lissafin. Ana iya lissafa yadda kowace ƙwaya ke jan 'yar'uwarta ko tura ta, lissafi na gaskiya, amma tsayuwa ɗaya tak ta ƙwayoyin sai ta cinye wa babbar kwamfuta sa'o'i. Hanya guda kuwa tsayuwa dubbai ce. Sai masana suka fito da dabara. A yi lissafin gaskiyar a kan tsayuwa masu yawa, kowace kamar hoto ɗaya, a tara su, a koya wa wata manhaja da su, har ta gane yadda ja da turin suke. Daga nan ita sai ta riƙa ba da amsa cikin ƙiftawar ido, ko a ƙaramar kwamfuta irin tata. Na ce ashe yaron mota ake koya wa hanya. Ta ce haka ne, kuma abin da aka nuna masa kawai zai sani.

Tana yawan yin tambayoyi a zauren darussan, har wata farfesa a wata ƙasa mai nisa ta lura da ita. A shekarar 2022 matar ta ba ta wata huɗu a kan babbar kwamfutar jami'arsu, tana aika aiki daga nan Jega, ana lissafawa a can. Za ta gwada ƙarfe da aka gauraya da wani ƙarfen mai araha. Farfesar ta ce in aikin ya tsaya da ƙafarsa, akwai gurbin karatun digiri na uku a wurinta, shekara uku, da tallafi. Raihanatu tana da shekara talatin da shida, kuma shekarar ce ta ƙarshe da ƙa'idar tallafin za ta bari mai shekarunta ta nema. Auwal ya ce ta tafi, shi da innarsa za su riƙe yara. Maganar da na taɓa jin ya yi mafi tsawo ke nan.

Wata huɗun nan ban ga ta huta ba. Litinin zuwa Juma'a tana aji, Asabar tana gindin dogon yaro, Lahadi wanki. Ta rame har matata ta fara tambayar ko lafiya. Ba ta da kowa kusa da za ta tambaya. A Maiyama kaf, har Jega, har Aliero, ban san ko akwai mutum na biyu da ya taɓa jin sunan wannan aiki ba. In ta maƙale sai ta rubuta wa farfesar, amsa ta zo bayan kwana uku, ko mako, ko kada ta zo.

Asabar ta ƙarshe ina gida, motata tana wajen bakanike. Ranar Litinin za a rufe mata ƙofar babbar kwamfutar, kuma in an rufe ana share duk abin da mutum ya bari a ciki. Hotuna sama da dubu talatin ta tara, tata kwamfutar ba za ta ɗauki duka ba, sabis kuma yana rarrafe. Dole ta zaɓi waɗanda za ta sauko da su. Darussan sun ce a fitar da waɗanda lissafinsu ya lalace a hanya, ta fitar da su, ba su kai dubu ba. Sai ta tsaya a kan wasu kimanin dubu shida, ta yi tagumi.

Na leƙa na ce mene ne. Ta nuna mini. A yawancin hotunan ƙwayoyin biyu ko suna manne da juna, ko sun rabu sun zauna lafiya a kan ƙarfen. A waɗannan kuwa ba su manne ba, ba su rabu ba, sun miƙe a karkace, ƙarfen da ke ƙasansu ma ya gurɗe, lambobin gefe sun yi tsalle sama sun bar sauran. Ta san a littafi cewa kan tudu ba ya da kyan gani, ta ma ware wasu 'yan kaɗan masu tsari da take ganin su ne kan tudun. Waɗannan dai munin nasu ya yi yawa, ba ta san ko gaskiya ne ko lalacewa ba. Kwana takwas da suka wuce ta rubuta ta tambaya, shiru.

"Ina shakkarsu, Yaya," ta ce. "In ruɓaɓɓu ne, sai su ɓata man sauran duka."

A nan ne na buɗe baki. Ni da ban iya tsintar albasa ba, ni da ban gama sakandare ba, na gyara zama kamar wani shehi.

"Ke da hannunki? Mi Baba ka cewa?"

Ta dube ni ta yi dariya, dariyar da na daɗe ban ji ba. Ta ce, "In kinka yi shakka, hidda ta." Ta sa yatsa ta ware su gefe, ta sauko da sauran. Kafin la'asar ta gama. Na fita na sawo mata balangu don murna, muka ci da matata a kan tabarmar nan.

Da ta koya wa manhajar da tsintattun hotunanta, abin ya fito tas. Kuskurenta ɗan mitsitsi ne, ya fi na waɗanda take gani a takardun manyan masana. Da ta sa ta ta bi hanyar rabuwar ƙwayoyin a kan gaurayen ƙarfenta, sai tudun ya fito gajere, bai kai rabin na ƙarfen da aka saba ba. Ina kan hanya na wuce Yauri ta kira ni ta gaya mini. Na faka a gefen titi na yi hamdala, yaran gari suna kallona.

Ni na kai labarin Aliero, wannan ma laifina ne. Kafin mako ya zagayo Baba ya gaya wa majalisa cewa Raihanatu ta gano hanyar da taki zai yi araha, kuma da dokarsa ta gano ta, don na ba shi labarin tsintar har da ƙari. Tsoho ya yi ta murna kamar an ba shi kujerar Makka. Mutane suka fara kiranta Dakta. Wani ma ya zo har gida yana roƙon a sa sunansa a layin farko in an fara rabo.

Bayan mako uku farfesar ta ce za su yi magana ta bidiyo. A gidana aka yi, da hantsi, ina zaune a gefe a kan turmi. Turancin ya fi ƙarfina, amma fuskar ƙanwata ba ta fi ƙarfina ba. Na ga murmushinta ya tsaya, na ga ta amsa wata tambaya da gajeriyar magana, sai matar ta cire tabarau. Da suka gama Raihanatu ta rufe kwamfutar a hankali, ta ɗora hannu biyu a kai.

Ta fassara mini daga baya, ba tare da ta dube ni ba. Farfesar ta ɗauki wurare biyar a kan tudun ta yi musu lissafin gaskiya. Tudun ya ninka abin da manhajar ta faɗa har da ɗoriya, bai fi na tsohon ƙarfen sauƙi ba ko kaɗan. Manhajar ba ta taɓa ganin saman tudun ba, gindinsa biyu kawai aka nuna mata, sai ta shimfiɗa hanya a tsakani yadda ta ga dama. Kyan sakamakon ma daga nan ya fito, don an jarraba ta ne da irin tsaftatattun da aka koya mata. Matar ta tambaya ina hotunan kusa da sama, Raihanatu ta ce ta zubar. Matar ta ce ai saboda su aka yi wata huɗun. A wannan aiki, wanda ake shakka shi ake fara ɗauka, don a nan ne manhajar ba ta sani ba. Ta ce ɗalibanta a makon farko suke jin wannan, a bakin ƙofar ofis, ko wajen shan shayi.

Babbar kwamfutar an share ta tun tuni. Wani lokacin a kanta kuwa sai baɗi, kuma baɗi shekarun Raihanatu sun wuce. Tambayar da ta aika kwana takwas kafin ranar, matar ta ce tana wajen taro a lokacin, saƙon ya nutse a cikin wasu. Ta ba da haƙuri, haƙuri mai kyau, irin na masu ilimi.

Na tashi na yi ta faɗa a tsakar gida. Na zagi taron, na zagi sabis, na zagi kwamfutar da ba ta ɗaukar kaya. Layi ɗaya fa, layi ɗaya na amsa ya isa. Mace ta yi wata huɗu tana hawa babur daga Maiyama, an bar ta ita kaɗai da direban mota a matsayin mai ba da shawara, sannan a ce mata kowa ya san wannan. Wane kowa? Har yanzu in na tuna shan shayin nan sai in ji ɗaci a bakina. Amma duk faɗan da nake yi, na san wanda nake kewayewa ban zaga ba.

"Ni na ce ki zubar," na ce daga ƙarshe.

"Kai ka hwaɗi, ni na danna," ta ce. "Ko ba ka nan haka za ni yi, Yaya. Hannun ne. Tudun yana nan, ni na share shi da kaina."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta naɗe wayar cajinta, ta gaishe da matata, Auwal ya zo ya ɗauke ta. Asabar ta gaba tabarma tana nan a gindin dogon yaro, ba wanda ya zo.

Gurbin wani ɗalibi na can aka ba. Bayan shekara ɗaya da rabi takardarsu ta fito a kan gaurayen ƙarfen nan dai, ta turo mini hoton shafin ƙarshe. Sunanta yana can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, a wajen godiya, an rubuta shi da kuskuren harafi ɗaya. Ban san me ya sa ta turo mini ba, ban kuma tambaya ba.

Tana nan tana koyarwa. Auwal ya ce kwamfutar tana cikin akwati ƙarƙashin gado. 'Yan Aliero har yau Dakta suke kiranta, wasu da zuciya ɗaya, wasu kuma in sun faɗa sai su tambayi ina takin, su yi 'yar dariya. Wata ɗalibarta, ɗiyar maƙwabcina, ta ce Malama ba ta duka, ba ta tsawa, sai a kan abu ɗaya. In aka yi gwaji a ɗakin gwaje-gwaje, wata ta sami lambar da ta bambanta da ta kowa, ta sa roba ta goge don littafinta ya yi kyau, to ranar ajin ba ya shan ruwa. Takan sa yarinya ta maido da lambar, ta ja layi a ƙarƙashinta, ta rubuta dalilin da take zato.

Baba ba wanda ya gaya masa. Idonsa ya yi rauni, ƙafa ma ta ƙi, muka ga babu amfanin ɗora masa. Shi a saninsa tafiyar ce aka ɗaga. Da ranin bara aka cire albasar gidanmu, muka taru a Aliero wajen tsinta kamar kullum. Aka fito da shi aka zaunar a inuwar rudu. Raihanatu tana gefensa, tana jefawa dama da hagu, hannun yana nan yadda yake tun tana shekara tara. Ni ina ɗaukar kwandon waɗanda aka fitar ina kai wa bayan gida, aikin da ya dace da ni ke nan.

Na dawo da kwandon ke nan na ji tsohon ya lalubo hannunta ya riƙe.

"Raihanatu, wanga aiki naki na Turawa. Muntari ya ce man har can da dokata kinka yi aiki."

"Da ita niy yi, Baba."

"Kin dai tsince da kyau? Ba ki yi tausayi ba awa yayanki?"

Akwai albasa a hannunta na hagu, babban yatsanta yana kan wuyanta. Ta ɗago ta dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara kwandon da ba abin da ya same shi.

"Na tsince da kyau, Baba," ta ce. "Ko guda ban bari ba."

"Madalla," in ji shi. "Allah shi yi miki albarka."

Ta ce amin, ta jefa albasar hagu, cikin kwandon da ke hannuna.